Zama a Cikin Jirgin Ruwa Yana Tudu: Jagora ga Mai Gyara a Ƙasar Waje

Jirgin ruwa mai filafilai gida ne cikakke muddin yana kan ruwa. Ga makwanci, ga madafa, ga banɗaki, ga iska tana shigowa ta gaba, domin jirgin da ya jefa anga kullum hancinsa yana duban inda iska take fitowa. Ranar da aka ciro shi aka ɗora a tudu don gyara, rabin waɗannan abubuwa sun tashi daga aiki. Banɗakin da ruwan teku yake wankewa ya rufe, injin da ruwan teku yake sanyayawa ba ya tasuwa, iska kuma ta daina bi ta inda ta saba. Abin da ya rage maka shi ne akwati mai zafi a kan ƙafafun ƙarfe, mita uku daga ƙasa, a tsakiyar ƙura da ƙarar injina. Duk da haka mutane da yawa suna zama a ciki har gyara ya ƙare, saboda kuɗin otal a ƙasar waje yana iya cinye kuɗin gyaran, kuma aikin da mai shi yake tsaye a kai ya fi tafiya.

Zan kafa misali da Chaguaramas, a arewa maso yammacin tsibirin Trinidad. Tsohon sansanin sojan ruwan Amurka ne tun zamanin yaƙin duniya na biyu, yanzu kuma filayen gyaran jirage irin su Peake da Power Boats da Coral Cove sun jeru a bakin gaɓarsa. Abin da ke kai masu jirage can shi ne lokacin mahaukaciyar guguwa ta tekun Atlantika, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Trinidad tana kudu da hanyar da guguwar ta saba bi. Grenada ma, wadda ke arewa da ita da kimanin mil 80 na teku, an daɗe ana ganin ta tsira, sai da guguwar Ivan ta faɗa mata a watan Satumba na 2004 ta kifar da jirage a filayen gyara, wannan ya faɗa kan wancan. Abin da zan faɗa ya shafi har wurare irin su Marmaris a Turkiyya ko Whangarei a Niyu Zilan, bambancin yanayi ne da dokoki.

Kafin ka iso

Tambaya ta farko da za ka aika wa filin gyara ita ce ko suna yarda a kwana a cikin jirgi yana tudu. Wasu ba sa yarda sam, wasu suna yarda amma da ƙarin kuɗi kowace rana. Sai ka bi da sauran: za ka iya yin aikin da hannunka, ko dole sai ma'aikatansu? Idan ka kawo bakanike daga waje, akwai kason da fili yake karɓa? Fenti fa, dole a shagonsu za ka saya? Wuta da ruwa suna cikin kuɗin ajiya ko daban ake lissafa su? Ka nemi amsa a rubuce, ka adana. Kuɗin ajiya yawanci da tsawon jirgi ake auna shi, ƙafa kaza a rana ko a wata, kuɗin ɗagawa da saukewa da wanki kuma daban.

Ka sanar da kamfanin inshorarka inda jirgin zai zauna da tsawon lokacin. Ka kuma duba takardunka iri biyu, domin izinin zamanka daban, izinin zaman jirgin daban. Jami'an shige da fice su ne da kai, kwastan su ne da jirgi. A Chaguaramas duka ofisoshin biyu suna nan bakin ruwa, abin da ya rage wahala ƙwarai. Gyara yana da halin wuce kwanakin da aka ɗiba masa, don haka ranar da aka buga maka hatimi ka rubuta ranar ƙarewarsa a inda idonka zai riƙa gani, ka nemi ƙari tun da saura. Idan kuma za ka bar jirgin ka hau jirgin sama zuwa gida, sai ka bi ta kwastan da shige da fice tukuna, ka riƙe takardar da za ta nuna cewa jirginka kake komowa, in ba haka ba ranar dawowa za a tsare ka da tambayar tikitin komawa.

Kayan gyaran da ka san za ka buƙata, ka yi odarsu tun kana kan ruwa. Ƙasashe da dama, har da Trinidad, suna barin kayan jirgin da ke kan hanya su shigo ba haraji, in dai an rubuta sunan jirgin a jikin kunshin kuma ka je da takardunsa. Abin da ya fi tsawaita zaman tudu shi ne jiran wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba.

Ranar ɗagawa

Kwana ɗaya kafin nan ka sauke filafilai, musamman na gaba wanda ake naɗewa. A tudu, in iska ta warware shi, jirgin zai nemi tafiya alhali ba ruwa, ƙarshenta ya kife, ya tafi da na maƙwabci. Ka zubar da tankin bayan gida a inda doka ta yarda, ka ɗauraye shi da ruwan daɗi sau biyu ko uku. Wanda ya manta da wannan zai tuna a mako na biyu, da hancinsa.

Injin ɗaga jirgi wata ƙatuwar firam ce mai tayoyi huɗu, da majanyu masu faɗi da ake zurawa ta ƙarƙashin jirgi. Direbansa ƙwararre ne, amma bai san cikin jirginka ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka nuna masa hoton jirgin a tudu in kana da shi, ko zanen ƙasansa, don majanyi kada ya hau kan sandar farfela ko ya murƙushe 'yar na'urar auna gudu. Da an samu wurin da ya dace, ka sa alama a gefen jirgi ka ɗauki hoto don gaba.

Da jirgi ya fito a wanke shi da ruwa mai ƙarfi nan take. Gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo suna fita cikin sauƙi suna jiƙe, in suka bushe kuwa sai an kankare kamar siminti. Kafin a wanke, ka zagaya ka duba inda suka fi taruwa, shi zai gaya maka inda tsohon fenti ya gaza.

Daga nan sai zaunarwa. Nauyin jirgi, wanda ga mai tsawon mita 12 yakan kai tan 8 zuwa 12, a kan kil yake sauka, wato dunƙulen darma ko ƙarfen nan da ke ƙasansa, bisa guma-guman katako. Matokaran ƙarfe da ke gefe aikinsu hana shi karkata ne kurum. Ka tabbata an ɗaure kowane biyu masu fuskantar juna da sarƙa, an sa katako a ƙarƙashin ƙafafunsu in ƙasar mai laushi ce, kuma jirgin ya ɗan rinjaya ta yadda ruwan sama zai bi magudanarsa ya fita. Bayan ruwan sama mai yawa ka zagaya ka taɓa kowanne ka ji ko ya saki. In ya saki, kira ma'aikatan fili. Kada ka taɓa kwance matokari da hannunka, ko da fenti kake so ka shafa a ƙarƙashinsa, kada kuma ka ɗaura igiyar tamfol a jikinsa.

Tsani

Na ba shi babi nasa domin a ganina ya fi duk wani injin da ke filin haɗari. Za ka hau ka sauka sau ashirin ko talatin a rana, wani lokaci da dare, wani lokaci cikin ruwan sama, wani lokaci da barci a idonka. Ka ɗaure kansa da igiya a jikin jirgi, ya zarce bakin jirgin da kamar mita ɗaya don ka samu abin kamawa, ka naɗa tsumma inda yake gogar fenti. Hannu biyu na tsani ne. Kaya kuwa, ko jarkar ruwa ko akwatin sifana ko cefane, a bokiti ake sa su a jawo da igiya. Silifas a bar su a ƙasa, a hau da takalmi mai kama ƙafa ko ƙafa tsirara busasshiya. Ka ajiye tabarmar goge ƙafa a gindin tsanin, domin ƙasar filin gyara cike take da garin tsohon fenti, kuma duk abin da ka taka zai biyo ka har shimfiɗa.

Mai ƙananan yara ko tsoho a tare da shi ya nemi ɗaki kawai. Filaye da yawa suna da ɗakunan haya a ciki.

Ruwa, banɗaki, wuta

Ka rufe banɗakin jirgi ka manna masa takarda don kada wani ya manta. Na fili za ka riƙa zuwa, kuma tun ranar farko ka auna nisansa daga jirginka, in da hali ka roƙi a ajiye ka kusa. Na dare kuwa, kowa a filin yana da bokiti mai murfi ko jarka, ana dai yin kawaici ne da safe in an haɗu a hanya.

Kwamin wanke-wanke yana zubarwa ta wani rami a jikin jirgi, wanda yanzu yake saman kan mai shafa fenti. Ko dai ka cusa tiyo a ramin ka kai shi cikin jarka a ƙasa, ko ka wanke kwanuka a roba ka sauke ruwan da igiya. Ruwan girki da aka bari yana zuba ƙasa yana kiran ƙuda da kiyashi, yana kuma ɓata fentin da bai bushe ba. Alwala ma haka, a ƙasa ta fi sauƙi. Abu ɗaya da tudu ya fi ruwa a nan: a kan anga jirgi yana juyawa, alƙibla tana sauya maka kusurwa tsakanin azahar da la'asar, a tudu kuwa sau ɗaya za ka duba kamfas ka huta.

Wutar Trinidad volt 115 ce irin ta Amurka, jirgin da aka ƙera a Turai kuwa 230 yake sha. Ka duba abin da cajar batirinka take karɓa kafin ka jona, wasu suna karɓar duka biyun, wasu sai da taransifoma. Wayar da za ka ja daga sanda ta zama mai kauri, mahaɗarta kuma a ɗage daga ƙasa inda ruwa ba zai kwanta a kai ba. Firijin da ruwan teku yake sanyaya injinsa ba zai yi aiki ba, sai dai akwatin riƙe sanyi da ƙanƙara. Babban inji kuwa kada ka kuskura ka tayar da shi a bushe: 'yar fankar roba da ke cikin famfon ruwansa tana ƙonewa cikin ɗan lokaci kaɗan.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo can ƙasan jirgi yake kwanciya yana jiran tartsatsi. Ka rufe shi daga kan tukunya duk lokacin da ka gama girki, ranar da za a yi walda ko yankan ƙarfe kuma ka sauke tukunyar gaba ɗaya.

Zafi da ƙwari

Lokacin guguwa a Trinidad shi ne damina. Rana takan kai digiri 31 ko 32, ga laima a iska, cikin jirgi kuma ya fi haka nesa, tunda babu ruwan da ke sanyaya cikinsa daga ƙasa. Ka yi rumfa da tamfol ka bar rata tsakaninta da rufin jirgi don iska ta wuce. A Chaguaramas ana ba da hayar na'urar sanyaya ɗaki irin ta taga, a ɗora ta a kan ƙofar rufi. Ni ina ganin kuɗinta halal ne, domin ban da barci tana hana fumfuna cin katifa da tufafi. Gidan sauro dole ne, zazzaɓin dengue yana yankin, kuma sauron da ke kawo shi da rana yake cizo, a ruwan da ya kwanta a bokiti ko tsohuwar taya yake ƙyanƙyasa. Ka kife duk wani abin da zai tara ruwa a ƙarƙashin jirginka.

Tsani da wayar wuta da tiyo su ne gadojin ɓera da kyankyaso da kiyashi. Ka shafa giris a ƙafafun tsani da matokarai, ka toshe manyan ramukan jikin jirgi da raga. Kwali kada ya hau jirgi, a cikinsa kyankyaso yake ɓoye ƙwai. A juye kaya a ƙasa, kwali ya tafi bola.

Jeren aiki

A daren farko ka zauna da takarda ka raba aiki gida biyu: wanda ba ya yiwuwa sai a tudu, da wanda za a iya yi a kan ruwa. Na biyun ka ajiye shi gefe ko da yana yi maka ƙaiƙayi. Man katako da ɗinkin labule da gyaran fitilun ciki duk za su jira, kowace rana a nan kuɗi ce.

Na tudu kuwa ga yadda nake bin su. Da farko abin da zai iya buƙatar oda ko jiran ƙwararre: ka kama allon tuƙi, wato faifan da ke ƙasan bayan jirgi yana juya shi, ka girgiza, ka kama sandar farfela ka ɗaga sama da ƙasa, in akwai wasa to abin da ke riƙe da su ya ci. Ka duba mahaɗar kil da jikin jirgi ko akwai tsaga ko tsatsa tana tsiyaya. Sai bawul-bawul, wato makullan ruwa na ramukan jikin jirgi, ɗaya bayan ɗaya, ka buɗe ka rufe, ka kankari ƙarfen kaɗan. Tagullar da ta koma ruwan hoda ta riga ta mutu, canzawa za a yi. Rami ɗaya mai faɗin babban yatsa ya isa ya nutsar da jirgi, don haka a nan ba a neman araha.

Idan jikin jirgin na faiba ne, wato zaren gilashi da aka daskarar da gam, ka duba ko ya yi ƙuraje, wato ruwa ya shige ƙarƙashin fatarsa. 'Yan kaɗan ana fasa su a wanke a bar su su bushe a cike. In sun yi yawa har sai an feƙe fatar gaba ɗaya, bushewa tana cin watanni, kuma wannan ba aikin da za ka zauna a ciki ana yi ba ne. Ka kulle jirgi ka tafi gida.

Sai gugar tsohon fenti, aikin da ya fi kowanne ƙazanta. Fentin ƙasan jirgi guba ne da gangan, yawancinsa sinadarin jan ƙarfe ne ke ciki don ya hana halittu mannewa. Wani tsohon nau'i mai suna TBT har yarjejeniyar duniya aka yi a 2001 aka haramta shi, ta fara aiki a 2008. Ka goga da samfefa a jiƙe, ko da injin da ke haɗe da mazuƙar ƙura. Ka sa rigar leda mai rufe jiki duka, da tabarau, da safar hannu, da takunkumi mai matata na gaske, ƙyallen hanci ba ya tare komai. Kafin a fara ka rufe kowace taga da ƙofa, haka ma in maƙwabcinka ne yake guga kuma iska tana kaɗowa wajenka. Kayan aiki a tuɓe su a ƙasa, a yi wanka kafin a hau. In garin faiba ya taɓa fatarka, ruwan sanyi za ka fara sakar masa, kada ka sosa.

Wajen shafa sabo, ka san irin fentin da ke kai, domin akwai mai tauri akwai mai zaizayewa a hankali, kuma ba kowanne yake kama kan ɗan'uwansa ba. Shafi biyu, da na uku a bakin layin ruwa da gaban kil da allon tuƙi inda ruwa ya fi gurza. Jirgin alminiyom ba a shafa masa mai sinadarin jan ƙarfe, cinye shi zai yi. A damina da safe ake fenti, bayan raɓa ta bushe kafin hadarin rana ya haɗo. Gwangwanin yana faɗin kwanakin da fenti zai iya yi a tudu kafin ya shiga ruwa, da wannan za ka tsayar da ranar sauka. Dunƙulen tutiya da ake ɗaurawa a sandar farfela don lalata ta ci su a madadin ƙarfen, ka sa sababbi, kuma kada fenti ya taɓa su. Tsummokaran da suka sha mai ko sinadari a fitar da su daga jirgi kowace yamma.

Ma'aikata da kuɗi

Kowane aiki a rubuta abin da ya ƙunsa, da kuɗinsa, da ranar gamawa. Ka ba da kuɗin kaya, ka riƙe na hannu sai aiki ya kammala ka duba. Ma'aikaci mai kyau a lokacin cunkoso yana riƙe da jirage biyar, kuma wanda mai shi yake tsaye a gindinsa da safe shi ake fara zuwa wa. Wannan ita ce babbar ribar zama a ciki. Amma tsayawa daban, tsangwama daban. Gaisuwa da ruwan sanyi sun sha samo mini abin da faɗa bai samo ba. Ka tambayi maƙwabtanka wa ya yi musu aiki, a fili labarin ma'aikaci ba ya ɓuya. Akwai wani mai walda da ya karɓi rabin kuɗina ya ɓace kwana tara, da na yi tambaya tun farko da an gaya mini halinsa.

Ka riƙa karɓar lissafin fili kowane mako kana dubawa. Ƙa'idarsu a ko'ina ɗaya ce, ba a sauke jirgin da ake bin sa bashi.

Rana ɗaya a mako ka bar filin gaba ɗaya. Daga Chaguaramas ƙananan bas masu ratsin rawaya suna zuwa Port of Spain, suna bi ta unguwar St James inda akwai masallaci. Akwai Musulmi a tsibirin, naman halal ba ya wuyar samu, ga roti, ga wani abin karin kumallo da suke kira doubles, soyayyar fulawa biyu da wake a tsakiya. Ma'aurata da ke zaune a ɗaki mai faɗin tabarma uku, rabinsa cike da kayan aiki, sun fi kowa buƙatar wannan fita. A cikin jirgin ma a keɓe makwanci guda wanda sifana ko gwangwani ba ya shiga ko da wasa.

Ranar komawa ruwa

Ka kama rana tun da wuri, ka zaɓi safiya, kuma kada ta zama jajibirin hutu, don in matsala ta fito a samu mai mayar da kai tudu. Daren kafin nan ka bi ramuka da tocila, kowane tiyo a ɗaure, ragar da ka toshe ramuka da ita a cire, toshiyar magudanar ƙasa in ka kwance ta a mayar, batir a cike. Idan injin ya ɗaga jirgin, za a ba ka 'yan mintoci ka shafa fenti a ƙasan kil da gurbin matokarai, ka tanadi ragowar fenti da buroshi a hannu.

Da jirgi ya taɓa ruwa, ka ce wa direba ya dakata da majanyu a jiki. Ka shiga ciki ka ɗaga allunan daɓe, ka bi kowane bawul da busasshen hannu, musamman waɗanda aka canza. Ka duba inda sandar farfela ta ratsa jiki, in abin da ke hana ruwa shiga ta wurin irin marar ɗiga ne, ka matsa robarsa har ruwa ya fito don iskar da ta maƙale ta fita. Ka buɗe bawul ɗin ruwan inji, ka tayar, ka leƙa baya ka ga ruwa yana fita tare da hayaƙi. Ka gwada giyar gaba da ta baya, ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe. Sai ka ɗaga wa direba hannu.

Kada ka kama doguwar hanya ranar. Ka kwana biyu ko uku a kusa, kana leƙa ƙasan jirgi safe da yamma. Jiki yakan ɗan sauya zama bayan ya bar matokarai, saboda haka daidaita inji da sandar farfela, da ɗaure wayoyin jigo, wato dogon sandan da ke ɗauke da filafilai, sai bayan kwanakin nan ake yin su. A nan ne kuma za ka wanke ƙurar fili daga rufi, ka mayar da filafilai, ka cire takardar da ka manna a ƙofar banɗaki.